Bangon Tabawa

Ni dai koko nake damawa a Rigasa,
mai damun koko kuwa ba ta san barcin asuba ba.
Tun ƙarfe uku kunnena na kan famfo,
ina sauraron tarinsa.
In ya yi tari sau biyu ya tofar da iska, yau babu.
In ya yi ƙugi kamar cikin mai azumi,
sai in taɓa ƙafar Hansatu: tashi, jawo bokitai.

Shekara biyu ina zane da gawayi a bangon madafa.
Ranar da ya zo, tsaye.
Ranar da ya ƙi, kwance.
Ranar da ya zo ja kamar kunun kanwa, in ɗiga masa ɗigo.
Ban yi don kowa ba,
na yi ne don in san ranar kiran mai garuwa,
kada kuɗin gero ya ƙare a jarka.

Sai ga mai unguwa da sanarwa:
wai ofishin ruwa na neman shawara,
kowa ya zo da abin da ya sani.
Na yi dariya har ludayi ya suɓuce.
Yaushe rijiya ta fara neman shawarar guga?

Na je dai, don kashe ƙwarƙwatar ido.
Ajin firamare, bencin yara, gwiwata tana ƙara.
Wata yarinya, Rifkatu, injiniya ce wai,
mota biyu ta hau daga Sabon Tasha, ta ƙetaro gada,
ta shimfiɗa taswira a kan tebur.
Ga layinmu nan, shuɗin zare ya ratsa shi,
an rubuta a gefe: kullum.

Na ce, 'yata, takardarki ce ta sha ruwa,
mu ba mu sha ba.
Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.
Ta ce, Iya, kina da shaida?
Na ce ina da ita, amma ba ta ɗaukuwa.

Ranar Laraba ta zo, ta tuɓe takalmi a bakin madafa.
Hayaƙi ya sa ta hawaye, ba ta fita ba.
Ta ƙirga na tsaye, ta ƙirga na kwance,
ta ɗauki bangona hoto har sau tara,
ta sha koko kofi ɗaya, ta ce sai ta biya.

Ashe kowa da ɓangaren da yake riƙe.
Iliyasu mai keke ya san wani kwalbati
da bai taɓa bushewa ba, ko da rani.
Shu'aibu mai walda ya san wane ƙarfe ne ke ruɓewa a jar ƙasa.
Ni na san ranaku.
Ita ta san inda za ta kai maganar,
ta kai, aka ce ta dawo, ta dawo, aka ce gobe,
har goben ta gaji ta zo.

Ba zan yi muku ƙarya ba,
har yau ba kullum yake zuwa ba.
Huɗu cikin bakwai, wani makon uku.
Amma an goge kullum ɗin nan daga taswira,
kuma saƙo kan shigo wayar Hansatu da dare:
gobe akwai, ku faɗa mana in bai zo ba.
Muna kuwa faɗa.

Jiya ɗana ya zo da fenti, wai bango ya yi baƙi.
Na ce ajiye, ka shafa wa zaure.
Gawayina na nan a kan murhu.
Su rubuta nasu, in rubuta nawa,
ƙarshen wata mu gwada.